Rundunar da Kabo Ya Bari a Kufai

Wata Laraba cikin kaka, da la'asar sakaliya, Luba ta sa ɗanta ya goya ta a mashin zuwa gonarta ta bayan Sukuntuni, su ɗauko waken da 'yan roro suka tara mata.

Luba ba ta sake aure ba tun rasuwar mijinta. Hatsi take sayarwa a kasuwar Kankiya, kuma dillalai sun san halinta: in ta ce albarka, sai dai ka gaji ka dawo da kanka. Yaron kuwa ɗan farinta ne, ya gama karatu yana jiran aiki. Gemu ya fara fito masa, amma ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta, saboda kunyar ɗan fari. "Kai" take ce masa. In ya faranta mata, ta ce "mutumin".

Abin da ya cinye masa hankali a lokacin wani wasa ne da suke yi a zaure shi da abokansa. Sukan shimfiɗa kwali a tebur, an zana garuruwa da rafuka, murafan kwalba su ne mayaƙa, a riƙa jefa ɗan lido. Abokinsa Anas ne mai jan labari. Kowa sai ya ƙago sarkin yaƙinsa, ya faɗi inda aka haife shi, da wanda aka kashe masa, da abin da ya sa ya ɗauki baka. Ɗan Luba ya ƙi ƙagowa. Ya ce nasa sai ya fi na kowa nauyi, sai ya ɗauko labarin da kakarsa ta Yashe take ba su: na wani Kabo, shugaban 'yan baka a zamanin da, wanda ya girke mutanensa a wani kufai ya ce su jira shi, ya tafi bai dawo ba. Suka jira har ƙishirwa ta gama da su.

Ana jajibirin tafiyar nan, Luba tana tankaɗe a tsakar gida ta jiyo shi ya daki tebur yana cewa shi ne Kabo, ya dawo, mutanensa su taso. Abokan suka bushe da dariya.

A hanya ma ba ta ƙyale shi ba. Ta ce wai sarkin yaƙi, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa sai an kira maƙwabci. Shi kuma ya ce ai ita ce babbar sarkin yaƙi, a tambayi dillalan Kankiya. Ta ranƙwashe shi, suka yi dariya.

Ɗaurin buhun ya ɓata musu lokaci. Ko da suka kamo hanyar gida, rana ta faɗa bayan karan dawa. Daga wani ƙauye can nesa ana jin kiran magariba sama-sama. Ya ce bari su yanke ta burtali, ya fi kusa.

Burtalin ya ratsa ta gefen wani kufai. Tsofaffin katangu sun zama tudu, ga bakin rijiya da ƙasa ta cike.

Nan mashin ya mutu.

Ya buga, ya sake bugawa. Shiru. Luba ta sauko tana mita, sai ta lura gyare sun daina kuka. Ko ganye ba ya motsi.

Wari ne ya fara zuwa. Warin tsohuwar fata, da zufa, da wani abu mai ɗaci kamar saiwar da aka daɗe ana dafawa.

Sai sawu. Ba na mutum ɗaya ba. Tafin ƙafa ba takalmi, yana taka busasshen kara a hankali. Dama da hagu. Gaba da baya. Tare da shi wani ƙaras-ƙaras, kamar kibau suna gogar juna a cikin kwari.

Ta juyo ta ce da yaron su bar mashin ɗin. Ya miƙe sak, ya saki kan mashin, mashin ɗin ya faɗi, fuskarsa na duban kufai. Ya ɗaga ƙafa.

Ta cafke hannunsa. Sanyi ƙalau, kamar randa.

Tsakanin karan nan tana ganin tsayuwar mutane, amma in ta kafa wa ɗaya ido sai ya zama kara. Wata murya ta fito, busasshiya, ta maƙogwaron da ya daɗe bai ga ruwa ba.

"Kabo ya kira mu. Sake shi, mu tafi."

Ta yi ta'awizi a ranta, ta ƙara damƙe shi. Ta ce wannan ba Kabo ba ne, ɗanta ne, wasa suke yi da murafan kwalba.

"Da bakinsa ya faɗa. In ba shi ba ne, wane ne?"

"Ɗana ne."

"Kowa ɗan wata ne. Mi sunansa?"

Yaron ya ƙara taku, yana jan ta. Takalminta ɗaya ya fita. Sunan yana bakinta, amma harshen ya ƙi. Tun ranar suna ba ta taɓa furta shi ba, ko a ɗaki ita kaɗai.

Ya ƙara taku. Bakin rijiyar ya matso.

"Basiru," in ji ta, da ƙyar. Sai ta ɗaga murya. "Basiru ne sunansa. Ni na haife shi, da rago aka raɗa masa. Basiru, tsaya."

Ya tsaya. Ya waiwayo yana kallonta kamar wanda aka tasa daga barci.

Sawun nan ya yi ta kewaye su. Muryar ta ce to ƙarya aka yi musu, an tashe su a banza, kuma ba sa komawa hannu wofi. Luba ta nuna buhun wake. Wani abu mai kama da tari ya zagaye wurin. Dariya ce.

"Ba mu ƙafafunsa. Shi ya sa mu tafiya."

Jin haka sai Luba ta gane. Ashe ciniki ne. Wannan kam ta san shi.

"Albarka."

"Idanunsa."

"Albarka."

Warin ya matso har tana jin ɗacinsa a harshe. Wani abu mai tsini ya taɓa bayan wuyanta, ya tsaya nan.

"Muryar da ta kira mu. Daga nan ba ragi."

A kasuwa nan ne take juya baya ta yi kamar za ta tafi. Amma hannun Basiru ya sake yin sanyi cikin nata, ƙafarsa tana ɗagawa.

Ta ce ta yarda, amma sai da gyara: kafin su karɓa, ya ce musu su watse, kuma kada su sake tasowa ko wa ya kira.



"To, ya faɗa musu," in ji muryar.

Ta girgiza shi. Basiru ya buɗe baki, haƙoransa na haɗuwa.

"Ku koma gida. Ba sauran jira." Ya juyo gare ta. "Inna..."

Iyakar abin da ya fito ke nan. Leɓunansa suka ci gaba da motsi, ba sauti.

Sawu ya yi ta ja da baya har ya ɓace. Gyare ɗaya ya yi kuka, sauran suka ɗauka. Suka bar mashin da buhun a nan, suka fita titi da ƙafa, ita da takalmi ɗaya.

An kai shi asibiti a Katsina, likitoci suka ce ba su ga komai a maƙogwaronsa ba. Ya sha rubutu har ya gaji. Anas ya ƙona kwalin nan, zauren ya zama wurin ajiye buhuna. Basiru yana nan da ransa, shi ke tsare mata rumfa yanzu, da yatsu yake ciniki.

Waɗanda suka ji labarin sukan ce Luba ta yi jarumta, ta ƙwato ɗanta. Ba ta tanka musu. Sau ɗaya kawai ta yi maganar, da ƙanwarta Sa'a, suna tsince wake. Ta ce ita dai abin da ke cin ta, ta san muryar mai sayen da ya kai ƙarshe, ta kuma san ta wanda yake da sauran ragi. Ranar nan tsoro bai bar ta ta saurara da kyau ba.

"Da na ƙara cewa albarka sau ɗaya, Sa'a," in ji ta. "Wa ya sani?"