Sunan da Sallau Ya Hana a Goge

Ranar Juma'a ce, ƙarshen damina. An kwana ana ruwa, gari ya waye hadari bai gama watsewa ba. Ko'ina taɓo.

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Sallau ɗan baffana ne, daga bakinsa na ji, shi kuwa ba ya ƙara wa magana gishiri.

Gadi yake yi a wani kamfanin irin shuka da ke bakin gulbi. Ɗansa na fari, Zubairu, shi ma a nan yake aiki. Shi ke haye ruwa zuwa ƙauyukan tsallake yana ɗaukar sunayen manoma a kwamfutar hannu ta kamfani, irin mai faɗin nan kamar allo. In ya dawo da la'asar ba ya shiga ofis. Akwai benci a bakin ƙofa, iyakar inda wayifai ɗin kamfanin, wato intanet ɗinsu marar waya, yake kaiwa ke nan. A nan zai zauna har aikin ranar ya gama shigewa ciki ta iska. Uban a wancan gefe, ɗan a wannan gefe.

Kun san kunyar ɗan fari. Sallau mutumin da ne, ya riƙe ta da ƙarfi. Shekara ashirin da shida bai taɓa kiran sunan ba. "Kai," ko "wancan." Bai taɓa tsayawa ya kalli fuskarsa ba. In suna zaune, ƙasa yake kallo. Ya fi sanin ƙafafun ɗansa a kan fuskarsa.

Wata rana kwalekwale ya kife a tsakiyar gulbi. Mutum goma sha ɗaya ne a ciki. An tsamo goma, wasu da rai, wasu babu. Zubairu ba a gan shi ba. Kwamfutar ma ta tafi da shi.

Mai kula da wayifai ɗin wata mata ce, Injiniya Uwani. Ba ta wasa da aikinta. Kulle biyu ta sa. Na farko lambar sirri, wadda take canzawa duk wata. Na biyu jerin sunaye: kowace kwamfuta ta kamfani, ta cinya da ta hannu, tana da layinta da sunan mai riƙe ta. Wadda ba ta cikin jerin, ko ta san lambar ba ta shiga. In kwamfuta ta ɓata, a ranar take goge layinta, don kar wanda ya tsinta ya kutsa cikin bayanan kamfani.

Sallau ya ji za a goge na Zubairu. Ya je ya tsaya a bakin ofishinta, hula a hannu.

"Injiniya, a bar na wancan."

"Baba Sallau, doka ce."

"Ba a ga gawa ba."

Ta dube shi, ta dubi aikinta. Ta bari. Liman ma ya zo da maganar a yi sallar gawa daga nesa, Sallau ya ce a dakata.

Wata ya ƙare, ta canza lamba kamar kullum.

To, safiyar Juma'ar nan ta kira shi. Fuskarta babu walwala.

"Baba, dubi nan. Kwana tara ke nan kwamfutar Zubairu tana neman shiga da tsohuwar lamba. Sau uku, sai ta yi shiru. Kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa."

"Daga ina?"

"Wayifai ɗinmu bai wuce bencinka ba."

"Ba wanda ya zauna a bencin."

"To wani ya tsamo ta, yana laɓewa. Laifina ne da na bari. Gobe da safe zan goge. Ko waye ya zo da ita, kar ka ba shi hanya."

Ya koma bakin ƙofa.

Da rana ta take aka tashi daga aiki. Maza suka nufi masallaci, mata suka tafi gida. Masu gadin biyu ne, karɓa-karɓa suke yi, wannan Juma'ar ta Sallau ce ta zama. Titi ya mutu. Kwaɗin da suka wuni suna kuka a kwata suka yi tsit lokaci guda.

Ya ji warin gulbi. Irin na laka da kainuwa.

Benci ya yi ƙara. Wani ya zauna a gefen da aka saba.

"Sannu da aiki, Baba."

Muryar Zubairu ce. Sai dai kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Sallau bai ɗaga kai ba. Ko da rai bai saba ɗagawa ba. Ya ce, "Kai ne?"

"Ni ne. Ban sauke aikina ba. Mutum arba'in da uku ne a ciki, ba su san sunansu bai iso ba. Sun canza lamba, Baba."

"Ni ban san lamba ba."

"Manaja ba ya iya riƙewa. Yana rubutawa a 'yar takarda ya liƙa a ƙarƙashin teburinsa. Kai ke da makulli."

Gaskiya ne. Injiniya ta sha yi wa manajan faɗa a kan haka, bai daina ba. Zubairu ma ya sha yin dariyar abin a bencin nan.

Ruwa na ɗiga daga bencin. Ɗis. Ɗis.

"Na gaji, Baba. In na sauke sai in huta."

Sallau ya tashi. Shekara goma sha huɗu yana gadin wurin, ko allura ba ta taɓa fita ta hannunsa ba. Ya buɗe ofishin manaja. Ya durƙusa. Ya ɓamɓaro takardar.

Ya dawo ya tsaya a gaban bencin, kansa a sunkuye. Ya ga gefen kwamfutar, tana haske a kan cinya, ruwa na fita ta kusurwarta. Hannu ya miƙo.

Sai idonsa ya sauka inda ya saba sauka.

Zubairu yana da tabo a babban yatsan hagu. Fartanya ce ta sare shi yana ɗan shekara tara, farcen bai sake fitowa daidai ba. Waɗannan ƙafafun babu tabo. Babu farce ma. Fata ce ta haɗe yatsun, irin ta agwagwa. Duk taɓon da ke wurin, ko ɗigo bai taɓa su ba. Daga bakin gulbi zuwa bencin babu sawu ko ɗaya.

"Miƙo, Baba."

Sallau ya dunƙule takardar ya jefa a baki. Ya tauna. Ya haɗiye.



Sannan muryar ta yi ƙasa, ta koma irin ta lokacin da yaron ke zazzaɓi yana ƙarami.

"Sanyi nake ji, Baba. Ko sau ɗaya ba za ka dube ni ba?"

Ya ce min a duk rayuwarsa ba abin da ya fi wannan nauyi. Wuyansa na son ɗagawa. Ya runtse ido, ya kama Ayatul Kursiyyu, yana yi yana sarƙewa, yana komawa farko. Can daga lasifikar masallaci aka ta da iƙama.

Benci ya sake yin ƙara.

Da ya buɗe ido babu kowa. Kwaɗi sun ci gaba da kukansu. A inda aka zauna akwai hula, jiƙe, cike da yashin gulbi. Ya san ta. Shi ya saya wa Zubairu, ya ba wani ya kai masa, don kunya ta hana shi miƙawa da hannunsa.

Na tambaye shi, "To waye ya zo?"

Ya ce, "Ƙafafun ba nasa ba ne. Fuskar kuwa ban duba ba. Da na duba ma, ban tabbata zan gane ba."



Ku da kuke yawo da waɗannan abubuwa a aljihu, ku ji. Ƙofar da ba a gani ma ƙofa ce. In mai ita ya tafi, a rufe. Kuma kar wanda ya zauna a bakin gulbin nan shi kaɗai ranar Juma'a da tsakar rana, ko muryar wa ya ji.

Washegari Sallau ya riga kowa zuwa bakin ofishin Injiniya Uwani. Ya faɗa mata ta sake canza lamba, ya faɗa mata dalili, bai ɓoye nasa laifin ba. Sannan ya ce ta nuna masa layin. Ta nuna. Ya ɗora yatsa a kai, ya daɗe.

"Zubairu," ya ce. "Goge."

Ta goge. Ya ɗauki hular da ya wanke, ya nufi gidan liman.