Baƙin Man Inji

Rana ta kusa faɗuwa a Bagudo, mata na kwashe shanya, lokacin da Muktar makaniki ya kwance notin ƙasan akwatin giyar inji ya tara bokiti. Watansa bakwai yana fama da wannan tsohon injin sassaƙar ƙarfe da ya sayo daga wani rumbun da aka rufe a tsallaken iyakar Benin. Ya kankare tsatsa har yatsunsa suka tsage, ya sake bel, ya zuba daɓen siminti a zaure, ya yi ta cusa ƙarafa ƙarƙashin ƙafafun injin har ya tsaya daidai. Baƙin man cikinsa kaɗai ya rage.

Man ya zubo a hankali, da kauri kamar kunun da ya kwana. Kuma da ɗumi. Injin da ya shekara goma sha tara bai juya ba, mansa da ɗumi! Da wani ne, da ya tsaya ya yi tunani. Muktar kuwa, da yake kansa ya fi ƙarfen tauri, sai ya wanke akwatin da fetur, ya ɗauki bokitin ya juye a bayan ɗakin 'yarsa Mashkura. Ko bisimilla bai yi ba.

Ba a idar da sallar magariba ba noti na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Sai na biyu. Sai suka zubo kamar ƙanƙara. Batulu, matarsa, ta buɗe tukunya ta tarar da ɓarɓashin ƙarfe cikin miya. A zaure inji ya soma juyawa a hankali, alhali janareto na kashe.

"Malam, ka mai da abin ga inda ka ɗauko shi," in ji ta.

"Yaran maƙwabta ne. Hassada ce kurum," ya ce.

Kwana shida ana haka, kullum da faɗuwar rana. A na bakwai aka sami Mashkura, mai shekara goma sha biyar, tsugune gindin injin tana lasar baƙin mai a tafinta, tana zagin ubanta da Dandanci, harshen da ba ta taɓa koya ba. Maza uku suka kasa ɗaga ta.

Bayan la'asar Batulu ta aika Lafagu aka ɗauko Malam Zainulabideen, dattijon da ya san ruƙiyya. Bai ko sha ruwa ba. Ya zauna gaban yarinyar ya kama karatu, bai ɗaga murya ba, bai tsaya ba, har inuwa ta rufe tsakar gida. Can sai ta ɗago, wata murya ta tsoho mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wa ke nan? Mi ta yi maka?"

"Ita ba ta yi mini komi ba. Wancan uban nata ne. Shekara sha tara ina kwance cikin man nan, ban taɓa kowa ba. Ya kankare mini bango na yi shiru. Ya ɗauko ni ƙasar da ban sani ba na yi shiru. Sannan ya watsa mini fetur, ya zubar da ni bayan ɗaki kamar dauɗa. Ina zan shiga? Ƙofar da ta fi kusa na shiga."

"Zaluncin uba ba ya halatta maka ɗiya. Ka fita."

"In fita in koma ina? Ya mai da man cikin injin, ya mai da injin rumbunsa, kada ya sake taɓa shi. Ko ya riƙe injin, in riƙe ɗiyar. Ya zaɓa."

Malam ya juyo ga Muktar. Batulu ta juyo. Muktar ya dubi 'yarsa, sannan, wallahi, ya waiga ya dubi zaure, inda ƙarfen ke ƙyalli.

"Malam," ya ce a hankali, "babu wata hanya?"

Muryar ta bushe da dariya har jikin yarinyar na girgiza. "Kun jiya? Kun dai jiya?"

Batulu ta ɗora hannu a ka. Malam bai ko dubi Muktar ba, ya ce masa ya ɗauko shebur. Da hannunsa Muktar ya kankaro ƙasar da ta sha man, ya zuba cikin akwatin giya, ya ɗaure notin. Mashkura ta yi atishawa uku, ta kife.

Washegari mota ta ɗauki injin ta nufi iyaka. Noti bai sake faɗowa ba.

Da yamma Muktar na zaune kan daɓen da ramukan kusoshi huɗu kaɗai suka rage a kai, Mashkura ta kawo masa tuwo. Ta rame, amma idonta ya dawo nata. Ta durƙusa ta ajiye kwanon.

"Sannu, Mashkura. Allah ya sa ba ki tuna komi ba."

Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Bakina ne kawai ya karɓe, Baba," ta ce. "Kunnuwana ya bar mini."