Lallen Hannun Aisa

A wata makarantar firamare a Gashua, tun garin yana cikin Jihar Borno, an yi wata yarinya 'yar aji huɗu mai shegen tambaya. Ko kaza ce ta gifta, sai ta so jin inda za ta.

Wata rana aka kawo sabuwar ɗaliba mai suna Aisa. Daga Dagona aka kawo ta riƙo gidan gwaggonta. Benci ɗaya aka ba su.

Nan da nan yarinyar ta lura da wani abu. Aisa tana da lalle, amma a hannu ɗaya kawai. Babu zane, babu ado, an dai laɓta shi a bayan hannun.

"Ke Aisa, ba Sallah ba, ba biki ba, wannan wane irin lalle ne?"

Aisa ta ɓoye hannun a cikin gyale. Kullum sai yarinyar ta tambaya. A rana ta huɗu, a gindin darbejiya, Aisa ta ce, "Rantse ba za ki gaya wa kowa ba."

"Na rantse."

"Miya na zubar. Gwaggo ta sa cokali a wuta ta ɗora mini. Lallen don kada a gani ne."

Yarinyar ta so ta faɗa wa wani, amma ta tuna ta rantse. Sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Hannun ya kumbura har Aisa ta kasa riƙe fensir. Ran Litinin ba ta zo ba, haka ma Talata.

Malamarsu, Malama Nguveren, ta ce, "Wa ya san abin da ya hana Aisa zuwa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

A gida aka sa mata tuwo da miyar kifi, ko taɓawa ba ta yi ba. Innarta ta dube ta.

"Yau lafiya? Tun da kika dawo ko tambaya ɗaya ban ji ba."

"Inna, in mutum ya rantse, kuma ana cutar wani, yaya zai yi?"

Inna ta ajiye muciya. "Wa ake cuta? Faɗa mini yanzu."

Ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

Inna ta yafa mayafi. Ta biya wa Malama Nguveren, suka tafi wurin mai unguwa. A ranar aka kai Aisa asibiti. Likita ya wanke lallen, ya girgiza kai.

"Da an ƙara kwana biyu, da hannun nan ya lalace."

Yarinyar ta ji kunya ƙwarai. "Aisa, ki yafe mini. Na karya alkawari."

Inna ta ce, "Ba wannan ne kuskurenki ba. Kuskurenki kwanakin da kika yi shiru. In ana cutar yaro, babu sirri. Maza ki gaya wa babba wanda kika yarda da shi."

Baban Aisa, Malam Abbagana, ya zo daga Dagona ransa a ɓace. Bai mayar da ita gidan gwaggo ba. Ya roƙi Inna ta riƙe ta har ta gama makaranta.

Da Sallah ta zo, Inna ta yi musu lalle mai zane. Aisa ta miƙo hannayenta duka biyu, tana dariya.