Sa Hannun Ranar Juma'a

Da farin takalmi Dinah ta fara zuwa shagon walda, kuma har yau mutanen layin ba su daina tsokanarta a kai ba.

Wata Litinin ce a watan Nuwamba. Ta taso daga Kafanchan da safe, ɗan acaɓa ya sauke ta a Kwoi, a ƙofar wata rumfar kwano cike da ƙarafa. Ɗaliba ce a kwalejin fasaha, tana karatun ƙere-ƙeren inji, makaranta ta turo ta horon aiki na wata huɗu. A jakarta akwai wasiƙa, da littafin da ɗalibai ke kira logbuk, inda za ta riƙa rubuta aikin kowace rana, mai wurin ya sa hannu duk ƙarshen mako. In littafin bai cika ba, babu takardar kammala karatu.

Wani saurayi ya fito daga bayan inji, ya ɗage gilashin walda zuwa goshi.

"Sannu da aiki," ta ce. "Don Allah Oga nake nema, Mista Gershon."

Ya dubi wasiƙar, ya dubi takalmin, ya sake duban takalmin.

"Ogan ke nan a gabanki. Sista, coci za ki wuce daga nan?"

Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya. Ta zaci dattijo mai tumbi za ta tarar, sai ga dogon saurayi mai wushirya, yana danne dariya. Ta ɗauke kai da sauri, amma ta riga ta ga wushiryar.

"Doka ɗaya gare ni," ya ce. "Duk Juma'a zan karanta littafinki. Abin da hannunki ya yi zan sa wa hannu. Abin da bai yi ba, ko kin yi kuka."

Injin tsaga citta Gershon ke ƙerawa, domin Kwoi garin citta ne. Dinah ta ɗauka sifana zai miƙa mata. Sai ya miƙa mata ƙaramar wuƙa, ya kai ta bayan shago, inda mata ke zaune a inuwar mangwaro suna tsaga ɗanyar citta da hannu. Shugabarsu ita ce mahaifiyarsa, Mama Afiniki.

"Oga, injiniya nake karanta fa, ba girki ba."

"Sati ɗaya kawai. Wanda bai san yadda hannu ke yi ba, me zai koya wa ƙarfe?"

Mama Afiniki ta matsa mata a kan benci. "Zauna, 'yata. Wannan yaro haka yake, kai mai ƙarfi kamar babanshi. Duba nan. Citta a tsaye ake tsaga shi, bari biyu, ba a yanka shi kamar albasa. In ka yanka a kwance, ƙanshi zai gudu a rana, masu saye su raina shi."

A nan Dinah ta gane damuwar Gershon. Shekara biyu yana fama, injinsa na da sauri, amma citta na faɗawa yadda ta ga dama, rabi ta tsagu a tsaye, rabi ta daddatse. Matan na yi wa injin dariya a gaban mai shi.

Ta yanke a yatsa ranar farko, ta sake yankewa ranar uku. Ran Juma'a ya zauna ya karanta shafinta layi-layi, ya gyara mata suna ɗaya na ƙarfe, sannan ya sa hannu. Ta yi mamakin yadda wannan ɗan karkataccen rubutun ya faranta mata rai.

Daga nan aka shiga aiki sosai. Ta koyi awo, ta koyi riƙe abin walda ba tare da hannu ya yi rawa ba, ta sayi baƙin takalmin but na aiki ta ajiye farin takalmi. Ya fara kiranta Injiniya, ita kuma ta sa masa Oga Tsauri. Da yamma in ta hau motar Kafanchan, saƙonsa kan riga ta isa gida.

"Injiniya, kin isa lafiya? Kin manta safar hannunki a kan benci. Na ajiye miki, kada ki ce ɓarayi."

"Na isa, Oga Tsauri. Ka ci abinci kuwa, ko ƙarfe za ka tauna?"

"Mama ta ce in gaishe ki. Ni ma ina gaisuwa, amma ita ce ta fara."

Dinah takan karanta irin wannan sau biyar. Ta san tana son sa, ta daina musu da zuciyarta tun sati na huɗu. Shi kuwa bakinsa ƙanin ƙafarsa. Zai kawo mata gasasshiyar doya, zai tsaya a titi har motarta ta tashi, amma kalma ɗaya ta soyayya ba ta taɓa fita daga bakinsa ba.

A gida kuwa wuta na ruruwa. Mahaifinta, Baba Azariya, tsohon hedimasta ne, ya yi shekara talatin yana riƙe da jan biro. Burinsa ya ga 'yarsa a ofis, fanka na kaɗa mata. Wata Lahadi bayan an taso daga sujada ya kama hannunta, ya juya shi, ya ga tabon wuƙa da ƙunar walda.

"Wannan ne karatun? Na kuma ji a bakin mutane cewa wani mai walda na raka ki tasha. Daga gobe ba za ki koma Kwoi ba."

"Baba, in ban je ba littafina ba zai cika ba."

"Wilfred ya ce ofishinsu na ɗaukar ɗalibai. Zai duba miki."

Wilfred ɗan abokin Baba ne, ma'aikaci mai guga da turare, ya daɗe yana zagayen gidan saboda Dinah. Sati uku Dinah na zaune tana roƙo, Wilfred na cewa ana kan magana. Da Baba ya ga ta rame, ya bar ta ta je Kwoi sau ɗaya, ta karɓo sa hannu, a rufe zancen.

A nan ta yi abin da rabin 'yan ajinsu ke yi ba tare da ƙyaftawa ba. Ta zauna ta cike shafukan sati ukun nan da ayyukan da ba ta yi ba, da rubutu mai kyau.

Gershon ya yi murna da ganinta har ya kasa ɓoyewa. Da ya buɗe littafin, murnar ta dushe. Ya karanta a hankali, ya ɗauki biro, ya ja layi a kan shafukan uku, ya rubuta: ba ta zo ba.

"Gershon!" Ran nan ta fara kiran sunansa. "Malamin da zai duba ni zai zo nan da kwana goma. Ka san zan iya maimaita shekara?"

"Na sani."

"Ka san ba laifina ba ne!"

"Na sani, Dinah. Ki dawo, mu cike kwanakin, har da Asabar. Zan rubuta wa makaranta."

"Ashe ni ɗaya nake haukana. Na ɗauka ina da wani matsayi a wurinka."

Ta fizge littafin ta fita, tana kuka har tasha.

Washegari ta tafi ofishin Wilfred. Ta tarar da ɗalibai huɗu a benci, biyu na danna waya, ɗaya na gyangyaɗi, ɗaya an aike ta sayen abinci ta dawo. Wilfred ya jawo durowa ya fito da sabon logbuk da hatimi.

"No wahala, my dear. Ki kwafe komai a sabo, in buga miki tun daga shafin farko. Everybody dey do am, kowa haka yake yi. Wancan mai datti ki jefar."

Ta buɗe mai dattin. Ga tabon baƙin mai a sati na biyu. Ga zanen wuƙar inji da ta yi sau uku kafin ya yi daidai. Takardun ma ƙanshin citta suke yi. Duk sa hannun da ke ciki ta san ranar da ta same shi, ta san gumin da ta yi. Ta dubi hatimin nan da zai hau kan kowa, mai aiki da mai barci, sai ta ji kunyar kanta ta rufe ta.

"Na gode, Brother Wilfred. Bari in riƙe nawa."

Da ta koma gida, ta durƙusa gaban Baba ta gaya masa za ta koma Kwoi, in ya so ranar da malami zai zo, shi ma ya zo ya gani da idonsa. Baba ya yarda, amma don ya je ya ci wa mai walda mutunci ne, ya kuma faɗa.

Kwana tara ta yi tana aiki, gaisuwa kawai ke haɗa ta da Gershon. Da rana takan koma wurin mata ta zuba wa hannun Mama Afiniki ido. Sai ta lura da abin da kowa ke gani ba ya kula: kafin wuƙa ta sauka, babban yatsan Mama da manuni kan matse cittar su miƙar da ita. Injin yana da wuƙa, amma ba shi da yatsu.

Ta lanƙwasa faranti biyu na ƙarfe, ta yi wa injin siririn maƙogwaro mai sifirin, wanda zai matse citta ya tura ta a tsaye. Na farko ya toshe. Na biyu ya murƙushe cittar. Gershon na gefe, hannunsa na ƙaiƙayi, amma bai taɓa ba sai in ta ce ya riƙe mata.

Ranar dubawa malamin ya zo, Baba Azariya ya zo da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Dinah ta tayar da inji, ta zuba kwano guda. Citta ta riƙa faɗowa bari biyu, a tsaye. Mama Afiniki ta ɗebi hannu guda, ta jujjuya, ta tsinci ɗaya da ta karkace ta ajiye gefe, sannan ta rangaɗa guɗa.

"Yarinya nan ya ba ƙarfe yatsa!"

Baba bai yi dariya ba. Ya karɓi littafin daga hannun malamin, ya sa tabarau, ya bi shafi-shafi kamar yadda ya saba, har ya iso wurin layukan nan uku. Ya daɗe a kai.

"Kai ka soke wannan?"

"Ni ne, Baba."

"An ce min kana neman 'yata. In haka ne, me ya hana ka rufa mata asiri?"

Gershon ya cire hular aikinsa, ya rusuna.

"Baba, gaskiya ne ina son ta, tun ranar da ta zo da farin takalmi. Ban gaya mata ba, don littafinta na hannuna. Da na sa hannu a kan ƙarya, duk sauran shafukan da ta sha wahala a kai sun zama banza, mutane su ce soyayya ce ta cike mata. Kuma ranar da zan ce mata ina son ta, da me za ta gane ba irin wancan sa hannun ba ne?"

Dinah ta juya baya tana share ido da bayan safar hannu, ta shafa wa fuskarta baƙin mai ba ta sani ba. Daɗi ya cika ta.

Baba ya rufe littafin. "Ni na tsare ta a gida. Laifin sati ukun nan nawa ne, Malam, ka rubuta haka." Ya dubi Gershon sama da ƙasa. "Shekara talatin ina neman malamin da zai ƙi ƙara wa ɗan hedimasta maki. Ban samu ba sai a shagon walda."

Malamin ya yarda ta biya kwanakin. 'Yan ajinsu suka tafi hutu, ita tana Kwoi har da Asabar. A Juma'ar ƙarshe Gershon ya sa hannu a shafin ƙarshe, ya miƙa mata littafin. Tana hawa mota saƙo ya shigo.

"Injiniyata, yau na sauka daga Oga. Ina son ki. In kin ba ni izini, kawunnaina za su zo gaida Baba."

"Ka makara da wata huɗu, Tsaurina. Su zo. Ni ma ina son ka."

Bayan ta karɓi takardarta, aka ɗaura aure a cocinsu na Kafanchan. Matan zumuntar coci na Kwoi suka cika mota biyu, Mama Afiniki na gaba tana rawa da buhun busasshiyar citta a ka, tsagar injin amarya. Dinah ta sa farin takalmin nan, ta ce yau dai ya zo inda ya dace.

Da Fasto ya buɗe rajistar aure ya miƙa wa ango biro, ta dafa hannunsa ta yi ƙasa da murya.

"Oga Tsauri, wannan fa ba a yi aikin ba tukuna. Za ka sa hannu?"

Ya yi murmushi, wushiryar ta bayyana.

"Wannan alkawari ne, Injiniya. Zan cike kwanakin duka, har da Asabar da Lahadi."

Ya sa hannu, ta sa nata a ƙasa. Baba Azariya ya sa na shaida da tsohon bironsa, ya ɗora hannu a kansu su biyu, ya ce Ubangiji ya albarkaci gidansu da aikin hannuwansu, ya sa gaskiya ta tsufa tare da su. Jama'a suka amsa da amin har sau uku.