Tsagar Bangon Ɗakin Amarya

Amarya na shara da hantsi sai ta ji ƙas! daga bango. Ta waiwaya. Tsagar da ke bayan gadon jaririnta, wadda kwanan baya da ƙyar allura za ta shiga, yau ta wage baki har ana hango hasken waje. Yashi na zubowa kan zanen yaron.

"Innalillahi! Maigida! Maigida!"

Ta suri ɗan ta yi falo. Mijinta, wanda kowa ke kira Auta, ya shigo a guje. A bayansa Inna ce, mahaifiyarsa, riƙe da bokitin da take zuwa da shi kullum ban ruwan bishiyarta.

Inna ta dubi bangon, ta dubi Amarya. "Ai ga shi nan! Ginin ubanki ne. Araha dai ba ta ado."

Baban Amarya magini ne. Shi ya gina musu gidan da hannunsa, kyauta. Inna kuwa tun farko ba ta so ɗanta ya auri 'yar mai kwaɓa siminti ba.

"Inna, kwantar da hankalinki," in ji Auta, "gidan na da inshora. Za su turo mai dubawa."

"Za su gyara?"

"Ya danganta. In guguwa ce, ko gobara, ko bututu ya fashe farat ɗaya, su za su ɗauki nauyi. In kuwa ginin ne ba kyau, ko ɓarna ce ta daɗe tana ci aka ƙyale, babu ruwansu."

"Madalla. To ka buɗe kunne. Ranar da suka ce ginin ne, ranar za ta tattara ta koma wa ubanta. In ka ƙi, ban yafe maka nonona ba!"

Auta ya sunkuyar da kai. Amarya ta fashe da kuka.

Abin da ya fi cin ta, tana da labarin inda cutar take. Da suka tare, Inna ta dasa darbejiya jikin bango, wai tagar autanta ta sami inuwa. Baba ya gani, ya ce da 'yarsa a matsar da ita, saiwarta ba ta jin kunyar gini. Amarya ta gaya wa mijinta. Shi kuma ya ce, "Wa zai tunkari Inna da wannan? Bar shi kawai." Da tsagar ta fara, Inna ce ta sa aka cike ta da filasta aka shafe da fenti, kada baƙi su gani su yi da su.

Kwanakin jiran nan Amarya ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Ƙofar ɗakin ta daina rufuwa. In babbar mota ta wuce, tagogi su yi rawa, sai ta rungume ɗanta ta yi tsakar gida. In ta dubi bango gabanta ya faɗi, in ta dubi akwatin da ta riga ta ɗaure kayanta a ciki ya ƙara faɗuwa.

"Don Allah ka faɗa mata," ta ce da Auta.

"Sori, ƙara haƙuri dai. Kin san halin Inna."

"Na sani. Kai ne ban sani ba."

Ran da mai dubawa ta zo, Inna ta riga kowa ɗaukar kujera. Matar ta kankare fentin, tsohuwar filasta ta bayyana. Ta ƙwanƙwasa bulo, ta leƙa waje, ta ce a tona gindin bangon. Auta ya ɗauki shebur. Bai yi nisa ba sai ga laka, sai ga saiwa mai kaurin dantsen ƙato ta kutsa ƙarƙashin harsashin ginin ta ɗaga shi.

"Wa ya dasa wannan a nan?"

Inna ta kau da kai.

"Mu ne," in ji Amarya a hankali. "Mu mutanen gidan."

Wannan magana ta soki Auta. Ya yar da shebur. "Inna, Baba ya yi gargaɗi tun ranar farko. Amarya ta faɗa mini. Ni na ɓoye, don tsoronki. In akwai mai barin gidan nan, ni ne."

Mai dubawa ta ce, "Ginin ba shi da laifi. Ba don ƙarfinsa ba, da tuni ya faɗo wa yaron nan. Amma ba za mu biya ba. Ɓarna ce ta shekaru, kun gan ta, kuka rufe."

Inna ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. "Jikana! Da hannuna nake ba ta ruwa!"

Da la'asar Amarya ta kira mahaifinta. Ya zo da buhun kayan aikinsa a kafaɗa, ya yi sallama, ya ce, "Ina bangon?"

Inna ta rufe fuska da mayafi. "Malam, na ci mutuncinka a bayan idonka, na nemi kashe auren 'yarka. Ka yafe ni."

"Haba Hajiya, inuwa kika nemar wa ɗanki. Sai dai bishiyar ta sha gatari."

"Auta, miƙo gatarin! Ni zan fara sara." Inna ta juya ga Amarya, ta karɓi jaririn. "Ke kuma, 'yata, je ki kwance akwatin nan."

To, yara, ku ji da kyau. Amarya ta yi haƙuri, ta rufa wa surukarta asiri, Allah Ya wanke ta. Amma shirun Auta ba biyayya ba ne, tsoro ne, kuma saura ƙiris ya binne masa ɗa. A faɗa wa babba gaskiya cikin ladabi tun tsaga na siririya. Wadda aka gani aka shafe da fenti, ko ta bango ce ko ta aure, babu inshorar da ke biyanta.