Sa Hannun Ƙarfe Biyar da Rabi

Ranar Litinin ta farko a watan Maris ofishin tallafi na Toledo ya aiko wa 'yata Odessa takarda: ko ta riƙa zuwa koyon sana'a awa talatin a mako, ko a yanke abin da take ciyar da ɗanta da shi.

Ta nemi ajin jinya, suka saka ta ajin walda. Har yau ba wanda ya san dalili. A can ta haɗu da Lamont, wanda matarsa ta tafi ta bar masa yarinya 'yar shekara uku.

"Baiwar Allah, kin sa hular waldar a juye," ya ce.

"Je ka gyara rayuwarka tukuna."

Ya yi dariya, ya juya mata hular.

Ƙarfe biyar da rabi ake sa hannu a takardar aji. Gidan rainon yara kuwa ƙarfe biyar yake rufewa. Ofishi ɗaya ne ya tsara duka biyun. Ta roƙe ni in riƙa ɗauko yaron, na ce na gama nawa rainon ranar da na binne uwarta. Sai suka yi karɓa-karɓa: yau ita ta kwashe yaran biyu shi ya sa mata hannu, gobe su juya.

Na taɓa ganin saƙonsa a wayarta:

"Dessata, na sa miki hannu, ya fi naki kyau. Yarana sun ci abinci?"

"Yaranka? Tun yaushe?"

"Tun ranar hula."

Da ya zo gaishe ni na ce masa talaka biyu ba sa haɗuwa su zama mai kuɗi ɗaya.

"Yallaɓai, wata huɗu ya rage in karɓi takardar shaida."

"Na ga masu takardar shaida a layin abincin sadaka."

Sai jami'arsu, Misis Pruitt, ta lura mutum ɗaya ke sa hannun su biyun. Ta kira Lamont shi kaɗai. A makon nan Odessa ta samu wasiƙa uku: ɗaya an yanke mata tallafi, ɗaya ba a yanke ba, ta ukun ana yaba mata da zuwa aji kullum.

"Baba, wacce zan yarda da ita? Shi ya tona ni, ko?"

Na ce wataƙila. Ta daina ɗaga wayarsa.

Sai a ofis ta ji gaskiya. Lamont ya ce musu shi ya shirya komai, ita ba ta da laifi. An kore shi daga ajin, ya koma facin taya. Ita an bar ta, amma in ta rasa awa ɗaya shi ke nan.

Ta rubuta masa: "Wawa. Wa zai ɗauko yaranmu yanzu?"

Biyar saura kwata na sa takalmi, na nufi gidan rainon.

A watan Yuli ta karɓi takardarta, a Satumba aka ɗaura aure a cocinmu, da soyayyar kaza da makaroni. Aka ba ni makirufo. Na kalli angon, sai na shiga tarihin dokokin tallafin talakawa. Bayan minti ashirin fasto ya karɓe abinsa, aka kunna kiɗa.

Abin da na tashi in faɗa gajere ne. Lamont, ka fi ni. Allah ya yi muku albarka.