Ruwa a Tukunyar Gas

Ana kiran sallar azahar aka shaida wa Sufeto Muttaka cewa lantarki ya kashe Badaru, mai buga takardu a wani shagon kwamfuta a Karaye. Inbatar da ke ba kwamfutocin shagon lantarki ce ta kama da wuta. Kafin Sufeto ya iso ofis, kofur har ya garƙame Bappa maigadi, wai shi ya watsa bokitin ruwa a kan wayoyin. Dama inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima.

"Ban taɓa bokiti ba, yallaɓai," in ji tsohon. "Badaru ne ya ɗauki tukunyar kashe gobara, yana fesawa ya faɗi."

A shagon, Sufeto ya tarar da bokitin a bushe ƙamas, ƙasa kuwa sharkaf da kumfa. Ya ɗaga tukunyar. Mai gas ce, mai baki kamar mazurari, irin wadda ba ta jiƙa komai, shi ya sa ake rataye ta kusa da kayan lantarki. Ya girgiza ta, sai ya ji ruwa na motsi a ciki.

"Hajiya, wa ke cika miki ita?" ya tambayi Mas'uda, mai shagon.

"Jibo, mutumin Rogo."

A Rogo, Jibo ko gezau bai yi ba. "Kano nake kai su, ranka ya daɗe. Kamfani ke cikawa."

"Wane kamfani?"

Jibo ya shiga sosa ƙeya. Sufeto ya yafito mai facin da ke maƙwabtaka da shi.

"Duk ranar kasuwa yakan kawo mini jajayen tukwane in ba su iska," in ji mai faci.

Nan Jibo ya durƙushe. "Ruwa da garin sabulu nake ɗurawa. Na ɗauka wuta duk wuta ce, tun kaka da kakanni ruwa ne maganinta."

"Ban da wutar lantarki. Ruwan ne ya ja ta har hannun Badaru. Guda nawa ka cika?"

"Sha ɗaya."

Sufeto ya tura kofur ya kwaso su, aka saka wa Jibo ankwa aka tusa ƙeyarsa mota.

Dab da magariba Sufeto ya buɗe wa Bappa da hannunsa, kunya ta rufe shi.

"An kai Badaru makwancinsa, yallaɓai?"

"Tun bayan la'asar, Baba."

Tsohon ya daɗe yana laluben takalmansa. "Shekara shida muna ci a kwano ɗaya," ya ce, "ban samu na sallace shi ba."